Askin da Na Bari Rabi a Ƙofar Baba Manzo

Ku samarin da kuka buɗe rumfunan aski a tashar Magariya, masu madubi kamar ƙofar ɗaki da injin da ke kuka in an kawo kuran, wato wutar lantarki, na ji kuna cewa wanzanci ba wani abu ba ne, gashi ne a zubar da shi ƙasa a sallami mutum. Ban ce ba ku iya ba. Na zauna na kalli hannun wasunku, akwai sauri, akwai tsabta. Amma na kuma ga yadda kuke yi ran da aka ɗauke wuta: ku yi jugum, masu jira su yi jugum, kowa na kallon inji kamar an yi masa rasuwa. To, ku matso in ba ku labarin aikin tun ba a san inji ba.

Zabirar da na gada ta fatar akuya ce, ta yi baƙi ƙirin saboda hannu. A cikinta akwai aska mai faɗi ta aski, da ƙarama ta gyaran fuska, da siririya ta tsaga, da ƙahonin sa da aka huda tsininsu, da dutsen wasa, da guntuwar fata ta goge bakin aska, da dunƙulen sabulun salo a cikin tsumma. Wani maƙeri a Bande ke ƙera mana asake, kuma mahaifina ba ya karɓar aska sai ya gwada ta a gashin hannunsa a gaban maƙerin. In ta ja gashi, nan zai ajiye ta ya juya, ko sallama ba ya yi.

Aikina na farko ba a kan mutum na yi shi ba. Baba ya tsinko ɗanyen duma a bayan gida, ya ɗora mini a cinya, ya ce in kankare koren bayansa kaf ba tare da na ji wa farin ciwo ba. Duk inda aska ta nutsa sai duma ya yi ruwa, duk inda ya yi ruwa kuwa sai in ji ranƙwashi a tsakiyar kai. Na ɓata duman da innata ta so ta fafe ta yi ƙorai da su, har ta kai ƙarata wajen kakata. Da hannuna ya zauna, Baba bai ba ni kan kowa ba sai nasa. Ya ce wanzamin da bai yarda ya miƙa wa ɗansa kai ba, da wane ido zai ce wani ya miƙa? Ina askin yana gyara mini hannun hagu, ba na dama ba. A cewarsa, jan aska kowa na iya koya, riƙon kai ne sana'a. Da hannun hagu ake jin wanda ke tsoro, da wanda ke fushi, da wanda bai yi barci ba.

A ƙauyenmu, tsakanin Bande da Magariya, kowane gida da wanzaminsa, gado ne. Kai za ka yi wa jariri askin suna, kai za ka yi masa kaciya, kai za ka ci gaba da aske shi har furfura. Ba a ciniki. In kaka ta yi, kowa ya aiko maka da damin gero ko dawa gwargwadon abin da Allah ya ba shi. Da Baba ya rasu, ni kaɗai na rage mai zabira a garin.

Kan Baba Manzo na cikin kawunan da na gada. Babban kai ne, da tabon ƙahon sa a bayan kunne, inda dole aska ta rage gudu. Manomi ne mai shanu, kuma ya san shanu har ba wanda ke sayen sa a garin bai nuna masa ba. Ga surutu. A ƙofar gidansa akwai ceɗiya, nan dattawa ke zama daga la'asar zuwa magariba, shi ne mai magana, amininsa Baba Kalla ne mai musu. Tare kakana ya yi musu kaciya, kuma tun daga ranar ba su daina gardama ba.

Ƙahon da na yi masa a ƙeya bayan an cire gyaɗa shi ne ya fara ba ni tsoro. Ya ce kansa ke sara tun asuba, sai amai ya taso masa ba tare da ya ci wani abu ba, kuma idonsa na hagu ya fara ganin hazo. Na tsaga, na kafa ƙaho, na zuƙe, jini ya fito yadda ya saba, ciwo bai motsa ba. Na sake bayan ƴan kwanaki, haka nan. Sai na ce masa wannan ya fi ƙarfin ƙahona. Wanzamin kirki ya san inda askarsa ta tsaya. Ɗansa Lawali ya ɗora shi a motar gyaɗa zuwa Damagaram. Likita ya haska idonsa da ƴar fitila, ya ɗauki hoton kan, ya ce wani ƙari ne ke girma a cikin ƙwaƙwalwa, a inda hannu ba ya kaiwa. Ya ba su ƙwayoyin rage zafi, ya ce a koma gida a kula da shi. Lawali ya kawo shi, ya wuce cin rani Kano don ya samo abin da za a riƙe gida. Ƴarsa ɗaya kuwa tana aure a Mallawa. Gida ya rage daga shi sai matarsa, Inna Tsahara.

A bazarar nan kwalara ta shigo. Wannan a farkon shekarun saba'in ne, kafin babban fari. Mu ba mu taɓa ganin irinta ba. Mun san sanƙarau, mun san ƙyanda, amma ciwon da mutum zai yi sallar asuba a tsaye, amai da zawo su kama shi, kafin rana ta faɗi a kai shi makwanci, wannan baƙo ne. Hukuma ta hana cin kasuwa, ta hana taro, har zaman makoki. Aka tsare hanyar iyaka, wanda ke Nijeriya ya zauna can. A garinmu ta shiga wani gida a unguwar gabas ta yi ɓarna ƙwarai. Ban ga laifin kowa ba don ya ji tsoro, ni ma na ji.

Sai wata safiya wani mai wucewa ya ji Baba Manzo na amai a bayan danga. Kafin hantsi gari ya ɗauka cewa abin ya shiga gidan. Kowa ya san mutumin nan ya yi watanni yana wannan aman, amma tsoro ba ya tuna jiya. Baba Kalla da kansa ya ce a yi nesa da gidan har a gani. Aka watse daga gindin ceɗiya. Mata suka ce Inna Tsahara ta jira sai kowa ya gama ɗiba kafin ta jefa guganta a rijiya, ta kuwa jira, cikin rana tsaka. Da majo, wato babban ma'aikacin gidan likita, ya zo daga Magariya da allurar nan mai kama da bindiga, na roƙe shi ya leƙa. Mutumin kirki ne, ya shiga ya duba, ya fito ya gaya wa mai gari a gaban jama'a cewa wannan ba kwalara ba ce, tsohon ciwonsa ne, kuma ba a ɗaukarsa. Kowa ya ce to, kuma ba wanda ya taka ƙofar. Ni kuwa ya ja ni gefe ya ce in riƙa tafasa asakena bayan kowane kai, in wanke hannu da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, ya ba ni a ƴar kwalba.

Askin da na je yi masa a cikin gida bayan wannan ba zan manta da shi ba. Tsakar gida ba shara, turmi a kife. Inna Tsahara mace ce mai jiki, amma na same ta zane na neman ya zagaye ta sau biyu. Ta ba ni labari a tsaye, da ƙaramar murya. Ciwon ya canja masa hali. Mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba, yanzu yakan zage ta, can kuma ya manta ya kira ta da daɗin baki. Wani lokaci jikinsa ya sanƙare ya yi ta karkarwa, ita kaɗai ke riƙe shi kada ya faɗa wuta. Ba ta iya runtsawa don kada abin ya zo tana barci. Ita ke daka, ita ke ɗiba, ita ke ba shanu ruwa.

"Wanzam," in ji ta, "aikin ban ƙi ba, mijina ne. Shirun nan ne zai kashe ni. Ko sallama ba mai yi mana."

Na same shi kwance ya juya wa ƙofa baya. Ta ce kwana da kwanaki ke nan ko fura sai da faɗa yake kurɓa. Na tashe shi zaune, na jingina shi da ƙirjina. Kan da ke ciwo ba a juya shi, kai ne za ka zagaya shi. Na ɗumama ruwa, na jiƙa gashin a hankali, na tallafe ƙeya da tafin hannu, na bar babban yatsa a gefen goshi inda jijiya ke bugawa. Ya roƙe ni in tsaga, in tsaga da zurfi ko abin zai fito. Na ce ba zan zubar masa da jini a banza ba. Da na kai rabi, sai ya ce:

"Wanzam, faɗa mini gaskiya. Kalla ya rasu ne ake ɓoye mini?"

"Yana nan, Baba, lafiyarsa lau."

"Su Malam Sale na gindin ceɗiya fa?"

"Duk suna nan."

"To," in ji shi, "ashe ni ne na rasu."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Ƙarin nan ba ni da maganinsa, likitan Damagaram ma ba shi da shi. Amma na ga mutumin nan zai riga ajalinsa tafiya, yana ganin garin da ya yi wa hidima ya zubar da shi, kuma matarsa za ta bi bayansa. Wannan kam na ce ba a gabana ba.

Da aka ji na shiga gidan, sai aka ƙaurace wa askata. Na zauna a gida ina wasa asake ba kan da zan ɗora su. Matata ta damu, ta ce in kaka ta zo wa zai aiko mana da dami? Na ce ta bari, gashi ba ya jin dokar hukuma. Ga zafin bazara, ga hula, ga gumi. Ba a daɗe ba dattawa suka fara sosa kai a sahun salla. Baba Kalla ya sa maƙwabcinsa ya gwada masa da wuƙar yanka, aka tashi ba shiri da tsumma a kai. Kuma suna gani ni ban mutu ba, iyalina ba wanda ya kwanta. Sai ya aiko a ce in zo gidansa in gyara masa. Na ce a gaya wa Baba ina gaisuwa, amma cikin gida zafi, yanzu a gindin ceɗiyar ƙofar Baba Manzo nake aiki, mutum ɗaya-ɗaya kamar yadda hukuma ta ce. Ya aiko da zagi. Na ce na gode. Ya ƙara ƴan kwanaki yana susa.

Ran da ya zo, da hantsi ne, ya naɗe baki da hanci da rawani, yana satar kallon zauren, wanda ke rufe da asabari. Ya zauna ya ba ƙofar baya. Na ce ya juyo saboda haske. Na tafasa aska a kaskon Inna Tsahara a gabansa, na wanke hannu da jabel har ƙaurin ya kai masa. Da ya cire hula na ga kai kamar gonar da awaki suka shiga. Na jiƙa, na shafa sabulu, na fara daga goshi ta dama, na sauke gefen nan tas har ƙeya. Sai na yi tari sau biyu, yadda muka shirya da Inna Tsahara. Ta ɗaga asabari, ta fito da mijinta riƙe da hannunsa, ta zaunar da shi a buzu a bakin zaure. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta fi daga nan zuwa bakin titi ba.

Na ji wuyan Baba Kalla ya sanƙare a hannuna na hagu. Na ce kada ya motsa, aska na kusa da kunne. Sannan na ɗaga ta, na gwada a yatsa, na girgiza kai na ce ta dakushe. Na koma gefe na zauna, na ɗauko dutse, na tofa ruwa, na fara wasawa.

"Kai ɗan nan," ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "ƙarasa mini in tafi."

"Ba wanda ya riƙe ka, Baba. In kana sauri ka iya tafiya haka."

Ku da kuke aski kun san dattijo mai jikoki ba ya ratsa gari da rabin kai. Ko ya sa hula, ba ta rufe ƙeya da gefen kunne, kuma yaran gari ba su da mantuwa. Ya zauna. Baba Manzo, wanda a lokacin inuwa kawai yake gani, ya karkato kunne ya tambaya wa ke nan. Na ci gaba da wasa aska a dutse. Can Baba Kalla ya yi gyaran muryar nan tasa da ba ya iya riƙewa.

"Kalla ne?"

"Ni ne."

Na zaci gori zai biyo baya, har na shirya abin da zan ce in raba. Sai Baba Manzo ya ce, "Jan san nan naka, ya daina ɗingishi?"

"Bai daina ba."

"Ai na gaya maka ba ƙafar ba ce. Karkiyar amalankenka ce ta karkace, tana cin sa a kafaɗa."

"Kai dai kullum ka fi kowa sani. Ƙafar ce, na ga kumburin da idona."

Shi ke nan, gardama ta kama. Wannan ya kawo hujja, wancan ya rushe. Rawani ya zame daga bakin Baba Kalla bai ma lura ba. Inna Tsahara na tsaye a cikin zaure ta toshe baki da gefen zane. Ban taɓa wasa aska irin na ranar ba, har na ji tsoron kada in cinye ta a dutse. Da na dawo in ƙarasa, na tarar da fuskar Baba Kalla jiƙe. Ya ce sabulu ne ya shiga masa ido. Ban kai sabulu wajen ba, amma na ba shi haƙuri. Na gama, na goge masa kai, bai tashi ba sai da aka kira azahar. Bai matsa kusa ba ranar, ba su yi musabaha ba, ba wanda kuma ya ce su yi. Washegari sai ga shi da jan sa a igiya, ya ja shi har bakin zaure don Baba Manzo ya shafa kafaɗar. Karkiyar ce kuwa, ko da yake har Baba Kalla ya koma ga Allah bai amsa ba.

Da aka ga kan Baba Kalla na sheƙi a masallaci, sauran suka fara zuwa. Na yi wa biyu ko uku irin wannan wasa askar, daga nan ba a ƙara bukata ba. Har ya zama abin tsokana, in mutum ya zauna sai ya ce in aske shi duka tukuna, zai tsaya gaisuwa da kansa. Dokar majo kam ban sassauta ba: ɗaya a ƙarƙashin aska, sauran a warwatse a inuwa, ba shan ruwa a moɗa ɗaya. Kwalara ta ci gaba da ɗaukar mutane a ƙauyukan kewaye, ba mu muka kore ta ba. Amma ba wanda ya kwashi komai a ƙofar nan sai labari.

Zumunta a ƙafa take, kuma ƙafar maza in ta taka, ta mata ba ta daɗewa. Matar Baba Kalla ce ta fara, ta kawo tulun ruwa ta ajiye a bakin zaure ta juya. Kashegari ta shiga da shi har ciki. Daga nan mata suka raba aikin a tsakaninsu, wannan daka, wannan ɗiba, wannan shara. Maza kuma suka koyi yadda ake kwantar da shi a gefe in jikin ya sanƙare, har ya zama ba sai an kira ta ba. Wata rana da azahar na shiga mayar da kasko, na tarar da Inna Tsahara kwance a inuwar rumbu tana barci, baki buɗe, ƙuda na sauka ba ta ji. Matan sun kinkimi turmi sun kai shi bayan gida don kada daka ta tashe ta. Na ajiye kasko a hankali na fita, raina fes.

Kada ku ce na ce ya warke. Idon ya tafi gaba ɗaya, hannun hagu ya mutu, akwai ranakun da yake kiran mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa. Amma ya koma cin tuwo, ya koma musu, kuma ba a sayi sa a garin ba a shekarar nan sai da ya shafa shi. Da damina ta yi nisa kwalara ta lafa a ƙasa, aka buɗe hanya, Lawali ya dawo, ƴarsa ta zo daga Mallawa da jikoki. Allah ya karɓi abinsa bayan an ɗaure dawa, da mutane a kansa. A kakar nan kuwa rumbuna bai ɗauke damin da aka aiko mini ba.

Askin ƙarshe da na yi masa, ana saura ƴan kwanaki, a bakin zauren ne. An ɗage dokar taro, gindin ceɗiya ya cika, kowa na magana ba mai sauraron wani. Na jingina shi da ƙirjina, kan ya yi sauƙi a hannu kamar na yaro. Ina tsakiyar aiki ya jawo hannun rigata ya ce, "Wanzam, ba wata inuwa a garin nan ne? Mutanen nan sun ishe ni da surutu, ko gyangyaɗi ba sa bari in yi."

Kafin in buɗe baki Inna Tsahara ta amsa daga cikin zaure. "Kada ka saurare shi. Jiya da suka tafi kasuwar Bande, ni ya hana sakat, yana tambaya ko lafiya."

Ya yi dariya har kansa na rawa a hannuna, dole na ɗaga aska na jira ya gama.